Tsofaffin gem na kwamfuta a kan waya: abin da na samu a shagon wani injiniya a Terminus

A layin masu gyaran waya da ke kusa da Terminus a Jos, idan ka bar Ahmadu Bello Way ka kutsa ciki, akwai wani ɗan shago mai benci ɗaya. Aikinsu na kullum canza sikirin ne da gyaran wurin caji da filashin, amma a jikin gilashin kanta an manna takarda da rubutun maka cewa ana saka tsofaffin gem na kwamfuta a waya. A kan wannan hidimar zan yi magana. Ba zan faɗi sunan shagon ba, domin akwai inda zan yaba akwai inda zan kushe, yaron kuma abincinsa yake nema. Duk layin Injiniya ake ce masa. Ni kuma Kawu yake ce min, saboda furfura.

Aikina lissafin kaya ne a wurin dillalan dankali da kabeji a Farin Gada, kuma rabin aikin jira ne. Jiran mota daga Bokkos ko Mangu, jiran a sauke, jiran a yi lodin ta Kudu. Kafin nan na yi shekaru ina buga wa ɗaliban jami'a takardu a wani shagon kwamfuta da ke Bauchi Road, zamanin Windows 98. A wannan kwamfutar na san Dangerous Dave da Prince of Persia, a nan kuma wani ɗalibi ya bar min NetHack a faifan fulofi ya tafi bautar ƙasa. Abin da ya kai ni wurin Injiniya ke nan, ina son waɗannan wasannin a aljihuna saboda awannin jira.

Naira 3,000 ya karɓa, ya saka manhajoji biyu da wasanni biyar. Yawancin masu zuwa wurinsa samari ne masu neman PPSSPP, manhajar buɗe gem na PSP a waya, su buga ƙwallo, don haka da na ambaci DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows ta mamaye, sai da ya ɗago ya dube ni sosai. Amma ya san aikin. Ya yi min bayani yadda zan gane: injin da ke cikin waya samfurin ARM ne, tsofaffin wasannin kuwa don injin Intel aka rubuta su, ba sa jin yaren juna, dole sai an sa wata manhaja a tsakani ta riƙa kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaba ɗayanta, da katin sautinta da na hotonta. Wannan manhajar ita ce DOSBox, wadda wasu 'yan ƙasar Holan suka fara fitarwa a 2002, kyauta, kuma kusan duk abin da ke buɗe wasannin DOS a waya daga jikinta aka tsago shi. Ya saka min RetroArch da wani ɓangarenta mai suna DOSBox Pure wanda ya fito a ƙarshen 2020, sannan ya ƙara da Magic DosBox, na kyautar. Amfanin na farko shi ne yana buɗe wasa kai tsaye daga fayil ɗin zip, ba sai ka rubuta umarni a baƙin allo ba. Amfanin na biyu kuma yana barin ka zana maɓallanka a fuskar waya, ka ajiye su inda yatsanka ke so.

Wani abu da ya yi wanda ni kaɗai da na sha wuya a kansa shi ne wurin ajiye fayiloli. Tun daga Android 11 aka toshe hanyar shiga foldar da manhajoji ke ɓoye kayansu, kana ganin ƙofar amma ba ka shiga. Shi sai ya buɗe sabuwar folda a fili, ya zuba komai a ciki, ya nuna wa manhajojin hanya. Wannan kaɗai ya ci rabin kuɗin. Na dai sa masa sharaɗi cewa manhajojin daga shafukan masu su za a sauke da datata, ba daga rumbun da yake jona wa wayar kowa ba. Bai ji daɗi ba, amma ya yi.

Dave ya tashi lafiya lau, da 'yar ƙarar nan tasa ta tsalle. Ka ɗauki kofi, ka nufi ƙofa, matakai 10, kamar jiya. Da farko ya yi sauri fiye da yadda na san shi, Injiniya ya shiga saiti ya rage gudun injin kwaikwayon har ya daidaita. Doom, kashin farko da kamfanin id ya raba kyauta a 1993, shi ma ya tashi, sai dai juyawa da harbi a gilashi wahala ce, kuma tun da aka saki lambobin da aka gina wasan da su a 1997 mutane suka yi masa manhajojin da suka fi dacewa da waya, babu dalilin bi ta DOSBox. Prince of Persia ne ya fara nuna min inda gizo ke saƙa. Wasa ne na minti 60, kuma duk wanda ya buga shi ya san rayuwar yariman a maɓallin Shift take. Da shi kake taku a hankali zuwa bakin rami, da shi kake kama gefen katanga, da shi kake sara da takobi. A kwamfuta hannun hagu na kan Shift, na dama na kan kibiyoyi, ido na kan allo. A waya yatsun da ke danna maɓallan su ne ke rufe ramin da kake gudu. Matakan farko sun buguwa, amma da masu gadi suka fara iya takobi sai na haƙura.

Ban damu sosai ba, domin ba su ne babban abin da ya kawo ni ba. Na zo ne don Rogue da NetHack, kuma a lissafina su ne ya kamata su fi kowane wasa dacewa da waya.

Ga wanda bai san su ba: Rogue wasa ne da Michael Toy da Glenn Wichman suka rubuta a 1980 suna ɗalibai a Kalifoniya, daga baya Ken Arnold ya sa hannu. Babu hoto ko ɗaya. Ɗakuna da layuka da ɗigo-ɗigo ake zana su, dodanni kuma manyan haruffa ne daga A zuwa Z. Kana gangarawa ƙarƙashin ƙasa hawa bayan hawa, kana neman wata laya da ke hawa na 26, ka ɗauko ta ka fito da ranka. Duk lokacin da ka fara sabon wasa taswirar sabuwa ce. Kwalaben magani da takardun tsafi da kake tsinta ba a rubuta abin da suke yi ba, kuma jar kwalbar da ta warkar da kai jiya tana iya makantar da kai yau. Yunwa na bin ka, ba ka da damar zama wuri ɗaya. Babu abin da ke motsi sai ka motsa. Idan kuma aka kashe ka, shi ke nan, babu komawa wurin da ka ajiye, domin wasan da kansa yake goge ajiyar da zarar ka buɗe ta. Duk wasannin da suka bi wannan tsari dangin Rogue ake ce musu: Moria, Angband, ADOM na Thomas Biskup, da babbansu NetHack, wanda ya fito a 1987 kuma wasu 'yan sa-kai ke ta ƙara masa abubuwa tun daga lokacin. Wanda na sani shi ne 3.4.3 na Disambar 2003, wanda ya zauna shekara 12 kafin 3.6.0 ya gaje shi a 2015. Shi na ce a saka min.

To ka ga, wasa ne da ba ya buƙatar saurin hannu, ba ya cin data, bai kai nauyin hoto biyu na biki ba, kuma kana iya ɗago kai ka ƙirga buhuna ka dawo ka tarar da dodon yana tsaye inda ka bar shi. Me ya fi wannan dacewa da mai jiran mota?

Matsala ta farko ido ne. Allon DOS layi 25 ne, kowane layi harafi 80. Ka matse wannan a fuskar waya, sannan kibod na gilashi ya cinye rabinta, sai ka ga waƙafi da aya sun zama abu ɗaya. A NetHack kuwa bambancin ɗigo biyu da ɗigo ɗaya shi ne bambancin ƙadangare da daɓen ƙasa, launin harafi kuma shi ke gaya maka ko wannan c ɗin mai ƙona mutum da kallo ce ko kuwa halittar nan da idan ka taɓa ta da hannu tsirara za ka zama dutse nan take. Da tabarau ina gani, amma a ranar Farin Gada da tsakar rana sai na sa hula na yi wa wayar inuwa.

Matsala ta biyu ita ce babba. NetHack kusan kowane harafi na kibod umarni ne, kuma babba daban ƙarami daban. Ƙaramin e ci ne, babban E rubutu a ƙasa. Ƙaramin w riƙe makami, babban W sa sulke. Ƙaramin r karatu, q sha, z kaɗa sandar tsafi, t jifa. Tafiya kuma ko da lambobi ko da haruffa, ni da haruffa na saba: h hagu, j ƙasa, k sama, l dama, sai y u b n na kusurwoyi. Ka dubi kibod ɗin wayarka yanzu ka ga inda t take da inda y take. Maƙwabta ne, babu komai tsakaninsu.

Ga yadda wannan maƙwabtaka ta ƙare min. Da sanyin safiyar Disamba, irin wanda yatsu ke ƙagewa ko ka shafa basilin, ina zaune a kan buhu ina jiran motar Bokkos. Ina da jarumar da ta yi kyau, da sulke mai kauri da ɗan karenta da ya girma. Sai ga shuɗin e a kusurwar sama ta hagu. Wannan ido ne mai shawagi, ba ya cizo, ba ya duka, da ƙyar ma yake motsi, amma idan ka kai masa hannu ka sare shi yana kallon ka, jikinka zai sandare na dogon lokaci. Duk wanda ya yi wata ɗaya a wasan ya san dokar, daga nesa ake jifan sa. Na kai babban yatsa kan t don in jefa wuƙa. Gilashin ya karanta y. Jarumata ta taka kusurwar sama ta hagu, wato ta sari idon, wasan kuma ba ya tambayar ka ko ka tabbata idan halittar maƙiyiya ce. Daga nan sai saƙonni suka riƙa wucewa a saman allo, ni kuwa babu abin da zan iya dannawa. Wani ɗan ƙadangaren ruwa, mafi rauni a duk wasan, shi ya zo yana cizo kaɗan-kaɗan har jinin ya ƙare. Aka zana min kabari da sunanta da sunan wanda ya kashe ta. Kafin kabarin kuwa sai da wasan ya yi tambayar nan tasa mai cin rai, ko ina son a bayyana min kayan da ke jakata. Sandar da na yi ta ɗauka ban san aikinta ba ashe ta haƙa rami ce, wadda da ita ake tsere wa kusan kowane haɗari idan hannu na motsi.

Takaicin dangin Rogue iri-iri ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai mutuwar da ke koya maka abu. Ka ci naman dodon da ya daɗe a ƙasa, guba ta kama ka, gobe ba za ka ƙara ba. Tururuwan yaƙi, shuɗin a, suka rutsa ka a tsakiyar ɗaki, ka gane ya kamata ka ja da baya zuwa lungu ko matakala. Ka fita daga kanti da kayan da ba ka biya ba, mai kanti ya nuna maka ƙarfinsa. Waɗannan suna da zafi, amma su ne wasan, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akwai kuma mutuwar da ni a ganina zalunci ce kawai, kamar ka taka tarkon da ba a gani, ƙaramar kibiya mai guba ta same ka, ka faɗi nan take alhali jininka cike yake. Masoyan wasan za su ce ai da ka nemi rigakafin guba tun da wuri. A hawa na biyu? A ina? Wannan ban taɓa yarda da shi ba, ko a zamanin Bauchi Road. Amma mutuwar t da y ba ta cikin ko ɗaya. Na san dokar, na yanke hukuncin da ya dace, gilashi ne ya yanke wani. Waɗanda suka tsara wasan sun gina shi ne a kan cewa abin da ka danna shi ka nufa, domin a gabansu akwai maɓallai masu tudu da yatsa ke jin gefensu. Buga NetHack a gilashi kamar tsintar tsakuwa ce a shinkafa da safar hannu.

Na koma wurin Injiniya da ƙorafi. Ya saurara, ya yi dariya, ya karɓi wayar.

"Kawu, ai ba sai ka sha wannan wahalar ba. Ka ga nan? Ka danna, ya ɗauki hoton wasan gaba ɗaya. In an kashe ka, ka danna wannan, ka dawo daidai inda kake. Har baya ma yana komawa in ka kunna."

Gaskiya ya faɗa. DOSBox Pure na iya daskarar da duk kwamfutar kwaikwayon ya ajiye, wasan da ke ciki bai ma san an yi ba. Na ce masa wannan ai maguɗi ne. Ya ce, "Wa kike cuta, wayar ko kanka?" Sai ya gyara bakinsa ya ce "kake", muka yi dariya, amma tambayar ta zauna.

Na gwada hanyarsa. Na yi nisan da ban taɓa yi ba, na ratsa ramukan ma'adinai har garin da ke cikinsu, na gama ɗakunan tura duwatsu na Sokoban, na shiga wuraren da a da labarinsu kawai nake karantawa. Kuma ban ji komai ba. Kowace kwalba na tsinta sai in ajiye, in sha, in ga aikinta, in koma baya. Kowane dodo sai in gwada shi da gaba, in bai yi ba in sake. Bugun zuciyar nan da ke sa ka ajiye waya a cinya ka yi minti biyar kana tunanin taku ɗaya, ya tafi. Abin da ya rage haruffa ne ke yawo a baƙin allo, kuma a gaskiya idan aka cire tsoro, NetHack ba shi da kyan gani da zai riƙe mutum. Na yi tunanin in kafa wa kaina doka cewa sai in yatsa ne ya zame zan koma baya. Dokar ba ta kwana biyu ba. Yau yatsa ne, gobe ka ce ai hasken rana ne ya hana ni ganin tururuwar, jibi ka ce ai direba ne ya kira ni hankalina ya rabu. Babu mai kallon ka. Shi ya sa masu buga shi da gaske suke yi a kan intanet, irin nethack.alt.org, inda ajiyar ke hannun masu shafin, ba ka da yadda za ka taɓa ta. A nan ne nake ganin hidimar Injiniya ta gaza, ba don mugunta ba. Ya san yadda ake tayar da wasa, bai san abin da ke sa wasan ya zama wasa ba, kuma duk wanda ya zo masa da NetHack a karon farko zai koya masa wannan maɓallin kafin ya koya masa tafiya.

Maganin gaskiya kibod ne. A shagon na sayi wani ƙarami na Bluetooth, marar suna a jiki, kusan naira 12,000. Nan ma sai da aka yi wasan kwaikwayo. Na jona, na buɗe wasa, na danna h don in taka hagu, sai kwamfutar kwaikwayon ta mutu ta sake tashi daga farko. Ashe RetroArch na da nasa aikin da ya ɗora wa haruffa, h sake kunnawa ne, p tsayarwa, k taku ɗaya na hoto, l gudu, Esc kuma fita gaba ɗaya. Sai an kunna wani saiti mai suna Game Focus kafin haruffan su wuce zuwa wasan, maɓallin kunna shi kuma Scroll Lock ne, wanda ɗan kibod ɗina ba shi da shi. Injiniya da yatsa kawai ya gwada komai, bai taɓa jona kibod ba. Da na kai masa ya bincika, ya sa saitin ya riƙa kunna kansa, bai karɓi ko sisi ba, har ya rubuta a littafinsa saboda na gaba. Wannan na yaba masa.

Shi kansa kibod ɗin, araha ba ta ado. Idan ka ɗan jima ba ka taɓa shi ba sai ya yi barci don tanadin batir, dannawar farko ta tafi a banza wajen tashe shi, wani lokacin kuma ta shiga sau biyu. A wasan da tunani ya fi dannawa yawa, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Esc ma sai ka haɗa da Fn. Abin da ya fi min aiki a ƙarshe shi ne tsohon kibod mai igiya da ke jibge a ofishinmu, da ɗan kan OTG mai jona igiyar da waya, wanda ake sayarwa a tire. Ba ya barci, ba ya ƙarya, yana da lambobin gefe. Illarsa biyu, waya ba ta caji yana jone, kuma ba ya shiga aljihu. Ranar da na fara shimfiɗa shi a kan buhun kabeji na jingina waya da dutsen awo, wani ɗan dako ya tsaya ya leƙa baƙin allon da haruffa ke gudu, ya ce, "Malam, ko an fara Yahoo ne?" Har yau sunan bai bar ni ba a wannan rumfar.

Akwai wata mutuwar kuma da ba ta dodo ba ce ba ta yatsa ba. Wayata RAM ɗinta giga 4 ne. Direba ya kira, ka fita ka buɗe WhatsApp ka tura hoton rasit, ka duba kuɗi sun shigo, ka dawo, sai ka tarar wayar ta kashe manhajar a bayan fage don ta samu wuri. A kwamfuta babban S kake dannawa ka ajiye ka fita, amma wa ke tuna S lokacin da mota ta lalace a hanyar Mangu da kayan mutane? NetHack na da wata 'yar manhajar ceto da ke iya haɗa abin da ya rage, Rogue kuwa ya tafi ke nan. Injiniya ya cire manhajar daga jerin waɗanda tanadin batir ke kashewa, ya nuna min yadda ake kulle ta, abin ya ragu. A nan kaɗai na amince da maɓallinsa na ɗaukar hoton wasa, in danna kafin in ɗaga kira, in goge bayan na dawo.

Abin da bai gaya min ba, domin bai sani ba, ɗan ƙanwata ne da ke karatu a jami'a ya nuna min. Akwai dangin Rogue da don waya aka haife su. Shattered Pixel Dungeon na Evan Debenham, wanda ya fara a 2014 daga lambobin Pixel Dungeon na Watabou, kyauta ne a Android, babu talla, ba ya neman intanet. Ka taɓa inda kake son zuwa, jarumin ya tafi, da zarar maƙiyi ya bayyana ya tsaya da kansa ya jira ka. Hawa 25 ne, kowane hawa na biyar da babban dodonsa, kuma baƙin dunƙulen nan Goo na hawa na 5 ya isa ya koya wa sabon shiga ladabi. Kwalabe ba a san su ba, yunwa na nan, mutuwa ɗaya ce. Idan kira ya shigo, yana ajiye kansa. Duk lokacin da na mutu a cikinsa na san abin da na yi. Bai kai NetHack zurfi ba, ba za ka rubuta a ƙasa da yatsa ko ka horar da kare ya sato maka kaya daga kanti ba, amma shi nake buɗewa idan ina tsaye. NetHack ɗin ma ashe akwai wanda 'yan sa-kai suka juya don Android kai tsaye, da layin maɓallan da kake shirya wa kanka, kuma ya fi bi ta DOSBox sauƙi nesa ba kusa ba. Da na nuna wa Injiniya su biyun, shiru ya yi yana kallo, sannan ya ce in tura masa sunayen.

Na tambaye shi wasannin Windows, tunda takardarsa ta ce na kwamfuta. Ya ce akwai Winlator, wadda ke haɗa wasu manhajoji biyu, Wine da Box64, ta tayar da su, kuɗin saka ta daban. Sai ya duba wayata ya ce, "Kawu, kada ka ɓata kuɗinka." Abin ya fi tafiya a wayoyi masu injin Snapdragon, saboda manhajar sarrafa hoto mai kyau da ake da ita ta sashen hotonsu mai suna Adreno ce, yawancin wayoyin da ke hannunmu a nan kuwa MediaTek ne ko Unisoc. Ya gwada min wani tsohon wasan gina gari don in gani da idona. Ya tashi, amma jan kibiyar linzami da yatsa a kan gumaka ƙanana ya ishi mutum, bayan wayar kuma ya yi zafi kafin mu gama gaisawa da maƙwabcinsa. Ya goge, bai caje ni ba. Mutumin da zai iya karɓar kuɗinka ya ce maka kada ka biya, a layin nan ba kullum ake samun sa ba.

Wanda ke son Dave, Commander Keen, ko wasannin da ake bi a hankali, kuma ba ya son rigimar folda da saiti, naira 3,000 ɗin ba asara ba ce. Wanda ke son Prince of Persia ko wani abu mai buƙatar hannu biyu, ya je da kibod ɗinsa a jaka, ya sa a gwada da shi a gabansa kafin ya biya, ya danna h da Esc ya ga abin da zai faru. Mai neman dangin Rogue a karon farko ba ya buƙatar shagon sam, ya sauke Shattered Pixel Dungeon. Su kuma wasannin da ke rumbun Injiniya, shi kansa bai san wanne ne na kyauta wanne ne mai mai shi ba. NetHack kyauta ne, kashin farko na Doom da na Keen haka aka raba su tun asali, da yawa daga sauran kuwa har yanzu ana sayar da su a shafuka irin GOG, in katinka ya yarda ya biya dala.

A je da safe kafin sha ɗaya, domin da rana benci na cika da masu fasasshen sikirin kuma su yake fara sallama. Kafin ka tashi ka sa ya nuna maka sunan foldar da ya zuba komai, ka kwafe ta a katin memori ko a wata wayar. Maɓallan da ya zana da saitin da ya gyara ba duka ke cikinta ba, wasu suna cikin manhajojin, don haka ka ce ya fitar maka da su su ma. In aka yi wa wayar filashin duk za su tafi, sake sakawa kuma a wurinsa sabon ciniki ne.